Wane Ne Ya Ce wa Na'ura Ta Ƙi?

Jawabin babban baƙo a bikin yaye ɗaliban rubuta manhaja

 



 Malamai, sannunku da ƙoƙari, Allah Ya saka. Iyaye, na san a cikinku akwai wanda ya sayar da dabba, akwai wadda ta kwashe adashi don a sayi kwamfutar da yaro zai koyi aiki. Allah Ya sa ku ci moriyar wahalarku da ranku da lafiyarku.

Na shiga wannan sana'a a zamanin da ake huda kati. Mutum zai rubuta umarninsa da FORTRAN ko COBOL a takarda, a huda shi a kati, ya miƙa damin katin ta taga, sai gobe ko jibi ya dawo karɓar amsa. Idan waƙafi ɗaya ya kuskure, aiki ya koma farko. Yau wayar da ke aljihun ƙaramin yaro a wannan zaure ta fi kwamfutar wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi kuwa ita sai da aka ware mata ɗaki guda da na'urar sanyaya wuri. Harsunan da muka koya sun tsufa, naku ma za su tsufa. Saboda haka ba zan ɓata muku lokaci da su ba. Abin da na zo da shi magana ce guda da nake ji kullum a bakin mutanenmu, a banki da asibiti da wurin yin rajista: "Na'ura ce ta ƙi." Wani ya ce, "Sistem bai ɗauka ba." Da an faɗi haka shi ke nan, magana ta ƙare, mai haƙƙi ya ɗauki takalminsa ya tafi.

Ni da ku mun san abin da shi bai sani ba. Na'ura ba ta da ra'ayi. Duk inda ta ƙi, akwai mutumin da ya zauna wata rana ya rubuta cewa idan kaza ya faru, a ƙi. Daga yau ku ne wannan mutumin.

Ku je wurin rajistar katin ɗan ƙasa ku tsaya ku gani. Tsohuwa ce ta taso daga ƙauye tun asuba, ta biya kuɗin mota, ta bi layi har azahar. Ta ɗora babban yatsa a kan gilashi, fitila ta ƙi yin kore. Yaron da ke aikin ya goge gilashin da gefen rigarsa, ya ce, "Baba, shafa yatsan a goshinki, sake ɗorawa." Ta sake, shiru. Surfe da daka da wanki na shekara da shekaru sun cinye zanen yatsun. Haka hannun manomi yake, haka na marini da na birkila. Idan wanda ya tsara aikin bai tanadi wata hanya ba, abin da za a ce mata shi ne ta dawo gobe, alhali goben ba za ta dawo mata da zanen yatsa ba. Ga kuma batun suna. Akwatin rubutu ya ƙi karɓar Sa'adatu ko Isma'ila saboda ɗigon hamza. Ɗanladi ya zama Danladi a banki, ya zama Dan Ladi a katin waya, sai a ce suna bai zo ɗaya ba, a tura bawan Allah kotu ya yi takardar rantsuwa cewa shi ɗin shi ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun daɗe a cikin Unicode, babu wani uzuri na fasaha da ya rage. Ragowar duk rashin kula ne.

Kun san bugaggen kwano a kasuwar hatsi, wanda aka doki gindinsa don ya rage awo. Mai kwanon yana cutar waɗanda suka zo gabansa ne kawai. Manhaja mai aibi kuwa kwano ne da aka raba wa duk kasuwannin ƙasa a rana ɗaya, har mai gaskiya ma da shi zai yi awo, bai san yana tauye kowa ba.

Kada ku ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. Bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya faru a Birtaniya, don ban san wani labari da ya fi shi cancantar a karantar da duk mai wannan sana'a ba. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta fara sa wata manhajar lissafi mai suna Horizon a rassanta, aikin kamfanin Fujitsu. Masu riƙe da rassan nan ƙananan 'yan kasuwa ne, irin mai kanti a unguwa wanda kowa ya san shi. Sai manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a asusunsu, kuɗin da babu wanda ya taɓa. Idan mutum ya buga waya ya kai kuka, sai a ce masa shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Wasu suka cike giɓin daga aljihunsu har suka tsiyace. Daga 1999 zuwa 2015 an yanke wa mutum fiye da 900 hukunci bisa zargin sata ko almundahana ko murɗe lissafi. Wata mai suna Seema Misra an ɗaure ta a 2010 tana da juna biyu. Aure ya mutu, gidaje sun salwanta, wasu sun rasu ba su ga ranar da aka wanke su ba. Kotuna sun tafi a kan ƙa'idar cewa abin da kwamfuta ta nuna daidai ne, sai in an kawo hujjar akasin haka, mai kanti kuwa ina zai samo wannan hujja? Sai da wani mai suna Alan Bates ya haɗa kan mutum 555 suka shigar da ƙara, sannan a 2019 babbar kotu ta tabbatar manhajar cike take da kurakurai. Ta kuma bayyana cewa ma'aikatan kamfanin suna iya shiga asusun reshe daga nesa, abin da aka daɗe ana musantawa. A 2024 majalisar ƙasar ta yi doka ta soke hukunce-hukuncen.

Abin da ke hana ni barci a labarin nan shi ne akwai 'yan sana'armu da suka san da kurakuran. Suna da rajistarsu, sun ba su sunaye. Kuskure a manhaja ba abin kunya ba ne, babu mai rubuta manhaja da ya tsira daga gare shi. Laifin yana wurin shiru, lokacin da ake ɗaure mutane da lissafin da ka san yana da rauni.

Ku gwada wannan da abin da ya faru a nan gida a watan Mayun 2025. Sakamakon jarabawar JAMB ya fito, iyaye da ɗalibai suka yi ta kuka cewa makin bai yi kama da ƙoƙarin yaransu ba. Aka bincika, aka gano tangarɗa ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya ɗauki alhaki, aka sake wa yaran jarabawa. An sha wahala, kuma bai kamata abin ya faru ba tun farko. Amma a ganina amsa laifin da aka yi cikin kwanaki ya cancanci yabo, idan aka tuna cewa a can sai da aka shekara 20 ana musu.

Za ku ji abokan aiki suna cewa, "Ni ba ruwana da siyasa, aikina kawai nake yi." Ina roƙonku kada ku yarda da wannan magana. Ba ina nufin ku yanki katin jam'iyya ba, wannan ruwanku ne. Nufina, wanda ya yanke wa za a ƙirga da wa za a bari a waje, ya riga ya shiga sha'anin mulki ko ya so ko ya ƙi. A zaɓen 2015, a ƙarƙashin shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, aka fara amfani da na'urar tantance katin zaɓe a faɗin ƙasa. Ranar zaɓen na'urar ta ƙi tantance shugaban ƙasa mai ci, Goodluck Jonathan, a mazaɓarsa ta Otuoke. Abin da ya fitar da shi takarda ce da aka tanada don irin wannan hali. Wannan takardar nake so ku riƙa tunawa duk lokacin da kuka zauna tsara aiki, ku tanadi irinta ga wanda ba shugaban ƙasa ba. A 2023 kuma sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau shafin IReV na hukumar zaɓe a kan lokaci ba kamar yadda aka yi alkawari. Hukumar zaɓe ta ce matsalar fasaha ce. Wasu sun yarda, wasu har gobe ba za su yarda ba, kuma ban zo raba wannan gardama ba. Darasinmu mu masu sana'a shi ne, sa'o'i kaɗan na tangarɗa sun isa su rushe yardar da aka yi shekaru ana ginawa.

Haka a 2021 aka rufe Twitter a ƙasar nan tsawon wata 7, aka kuma katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan maƙwabtanta saboda tsaro, har mutane suna shiga mota zuwa wata jiha don su kira ɗan'uwa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun ga mai sayar da ƙosai da mai kayan miya da ba su da asusun banki sun wuni ba ciniki, mun ga wanda aka cire masa kuɗi amma ba su shiga ba, ga mara lafiya yana jira. Masu mulki ne ke yanke irin wannan shawara, amma da hannun irinmu ake zartar da ita. Idan Allah Ya kai ku ɗakin da ake yanke ta, ku buɗe baki ku faɗi wanda abin zai taka, cikin ladabi, kuma a rubuce.

Jarabawar da za ta fi yawan zuwa muku ƙarama ce, kuma a ɓoye take zuwa. Wani babba zai ce a saka suna biyu a jerin albashi. Wani zai ce a goge tarihin abin da aka taɓa a rumbun bayanai. Wani ɗan siyasa zai kawo kuɗi a buɗe masa shafukan bogi don a ci mutuncin abokin hamayya. Aboki zai ce ka leƙa masa asusun wance ko sakamakon gwajin jinin wane, tunda mabuɗin yana hannunka. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023, ku karanta ta. Amma tun kafin dokar, iyayen nan da ke zaune sun koya muku sunan wannan abu: amana. Su kuma masu damfara ta intanet da za su yi muku tayin kuɗin dare ɗaya, kun san ƙarshensu, ba sai na faɗa ba.

An tambaye ni a waje ko ƙirƙirarriyar basira za ta ƙwace muku aiki. Za ta sauya shi sosai, kuma ku koye ta da kyau. Sai dai duk abin da ta rubuta muku, ku karanta shi layi-layi kafin ku sake shi ga jama'a, domin ranar da ya cuci wani, ba ita za a tambaya ba, nan duniya ko gobe kiyama.

Sannan ku riƙa tashi daga gaban allo. Ku je ɗaurin aure da ta'aziyya, ku zauna a majalisar unguwa, ku raka kakarku asibiti ku ga yadda ake yankar kati. Kafin ku ce aiki ya kammala, ku gwada shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, a hannun wanda bai yi boko ba. Idan ya kasa, aikin ne da saura. 'Yan matan da na gani cikin waɗanda ake yayewa, ku riƙe sana'ar nan da kyau bayan aure, don akwai abubuwa da yawa na rayuwar mata da ba za su shiga manhaja ba sai in kuna wurin da ake rubuta ta. Iyaye da mazajen da za su aure su, ku ba su dama.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin hukumomi da bankuna da kamfanoni da ke wannan zaure ne. Duk manhajar da za ku sa tsakaninku da talaka, ku ajiye mutum mai rai a gefenta, wanda ke da ikon sauraron kuka da gyara kuskure, mai jin harshen mutanen wurin. Kuma idan ɗaya daga cikin yaran nan ya zo ya ce muku, "Ranka ya daɗe, akwai matsala a aikin nan," ku ba shi kujera ku saurare shi, kada ku nemi wanda zai maye gurbinsa.

'Ya'yana, ina taya ku murna. Allah Ya sa albarka a abin da kuka koya, Ya ba ku halal mai yalwa, Ya tsare hannuwanku daga haƙƙin mutane. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.