Ilimi da Tausayi a Gadon Asibiti: Lacca kan Wasan Kwaikwayon Wit



Wasan da zan yi magana a kansa, Wit, Margaret Edson ce ta rubuta shi a 1991, bayan ta yi aikin akawu a sashen masu ciwon daji da ƙanjamau na wani asibitin bincike a Amurka. An fara nuna shi a dandalin South Coast Repertory da ke Kalifoniya a 1995, ya isa birnin New York a 1998, sannan ya ci lambar yabo ta Pulitzer a 1999, lokacin da marubuciyar take koyar da yara ƙanana a Atlanta. A 2001 aka mai da shi fim, Emma Thompson ta fito a matsayin jaruma. Hujjata ita ce wasan bai zargi ilimin likitanci ba. Abin da ya zarga shi ne ilimin da ya daina ganin mutum, ko a asibiti ko a jami'a.

Jarumar, Vivian Bearing, farfesa ce mai shekara 50, ƙwararriya a waƙoƙin addini na John Donne, mawaƙin Ingila na ƙarni na 17. An gano tana da sankarar ƙwan haihuwa a mataki na huɗu, watau ciwon ya riga ya bazu. Dakta Kelekian ya sa ta cikin gwajin sabon magani, zagaye takwas a cikakken ƙarfinsa, ta jure amai da zubar gashi har ƙarshe. Likitoci suna murna da sakamakon da jikinta yake ba su, ita kuwa tana ƙarewa. Ƙaramin likitan da ke duba ta, Jason Posner, tsohon ɗalibinta ne, kuma ƙwayoyin sankara sun fi burge shi fiye da matar da ke ɗauke da su.

Wasu likitoci za su ce an yi musu rashin adalci, an zana su marasa zuciya. Amma Edson ba ta bar Vivian da tsarki ba. Wasan yana komawa da mu ajinta, inda muke ganin ta hana ɗalibi ƙarin lokacin kawo aiki ko da kakarsa ta rasu. Tsananin da Jason yake nuna mata, a wurinta ya koyi irinsa. Abin da ka shuka shi kake girba, kuma wannan ya sa zargin ya hau kan kowane masani a zauren nan.

Wasu kuma za su ce ai ta sa hannu, ta yarda da gwajin da kanta, kuma sai da irin wannan bincike ake samun magani. Gaskiya ne. Sai dai ba wani likita da ya zauna ya tambaye ta abin da take so idan zuciyarta ta tsaya. Nas Susie Monahan ce ta yi mata wannan bayani cikin dare, Vivian ta zaɓi kada a farfaɗo da ita. Da ajali ya zo, Jason ya kira masu farfaɗowa saboda yana kallonta a matsayin kayan bincike, sai da Susie ta tsaya kai da fata aka daina.

Shi ya sa makarantun likitanci da dama a Amurka suke nuna wa ɗalibansu wannan wasa. Sa hannu a takarda bai isa yarda ba sai an yi wa majinyaci bayani da harshen da yake ganewa, an kuma mutunta zaɓinsa har ranar ƙarshe. Wannan aiki ne da ake koyarwa kamar yadda ake koyar da allura, kuma ya kamata a jarraba ɗalibi a kansa kafin a ba shi shaida.