Karatun Sadarwa da Tallata Haja a Kasuwannin Duniya: Ina Amfaninsa Gare Mu?



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro saboda damar da ya ba ni in tsaya a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami, in yi bayani a kan karatun digiri na biyu da na je na yi a fannin sadarwa da tallata haja a kasuwannin duniya. Na san akwai masu cewa a ransu, "Ashe talla ma sai an yi mata digiri? Yarinya mai tallar ƙosai wace jami'a ta je?" Tambaya ce mai kyau, kuma ita zan yi ƙoƙarin amsawa.

Abin da muke kira talla, wato ɗaga murya a ce ga kaya a zo a saya, yanki ne ƙarami na wannan fanni. A shekarar 1960 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Jerome McCarthy ya kasa aikin gida huɗu, kuma har yau a kan wannan rabo ake fara koyar da ɗalibi. Na farko ita kanta hajar: mece ce, wa ke bukatarta, a wace siffa yake son ta. Na biyu farashi. Na uku hanyar da za ta bi ta isa hannun mai saye. Na huɗu, kuma na ƙarshe, shi ne sanarwa. Ke nan kafin a buga kuge an riga an gama kashi uku na aikin. Yarinya mai ƙosai ta san duk huɗun ba tare da littafi ba, domin ta san unguwar, ta san wanda ke son yaji da wanda ba ya so. Wahalar tana farawa ne idan mai sayen yana Tokiyo ko Hambag, ba ka taɓa ganinsa ba, ba ka jin harshensa, kuma dokar ƙasarsa ba irin taku ba ce.

A nan ne sadarwa ke shigowa. Tun 1948 Harold Lasswell ya nuna cewa kowane saƙo ana auna shi da tambayoyi biyar: mai magana, abin da ya faɗa, kafar da ya bi, wanda ya faɗa wa, da kuma abin da maganar ta haifar. Daga baya, a 1976, Edward Hall ya bambanta al'ummomin da ke faɗin komai dalla-dalla a rubuce, irin su Jamusawa, da waɗanda ke barin rabin magana ga sanayya da fahimtar juna, irin su Japanawa da Larabawa. Mu dai mun san ɓangaren da muke. Idan ɗan kasuwarmu ya ce "ba matsala, nan da 'yan kwanaki," mu mun gane nufinsa. Bajamushe kuwa kwanan wata yake jira, in ranar ta wuce ya ɗauka an saɓa alkawari, ba kuma zai sake dawowa ba.

Malamanmu na tarihi da ke zaune a nan sun koya mana labarin fatar jar akuyar Sakkwato. Majemanmu suka jeme ta, suka rine ta, fatake suka ratsa Sahara da ita a ayari zuwa Arewacin Afirka, daga can ta tsallaka Turai, inda aka riƙa yi wa manyan littattafai bango da ita. Amma da wane suna aka san ta a can? Fatar Maroko. Akuyar tamu, jimar tamu, sunan na wani. Wannan shi ne Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin baƙin cikin shi ne labarin bai zama tarihi ba tukuna. Riɗin da ke tashi daga Maigatari da Dawanau yana zama mai a kwalabe a Japan da Sin. Zoɓorodonmu ana shan sa a Meziko da sunan da suka raɗa masa. Cittar Kachiya da Kafanchan tana shiga shayi da magunguna a ƙasashen da ba su san inda Kaduna take ba. Mu muna sayarwa a buhu, su suna sayarwa a ƙaramin kwali mai suna da hatimi, kuma ribar tana cikin kwalin.

Ku dubi kuma yadda wasu suka yi da mu. Atamfar da iyayenmu mata ke kira 'yar Holan, kamfanin Vlisco ne ke yin ta a garin Helmond, kuma an kafa shi tun 1846. Asalinta kwaikwayon rinin mutanen Jaba ne na ƙasar Indunusiya, amma a can ba ta karɓu sosai ba. Da Turawan suka lura mutanen Afirka ta Yamma na son ta, sai suka kasa kunne ga mata 'yan kasuwa, musamman na Lome, suka koyi launi da zanen da ke tafiya. Yau ga shi lefe ba ya cika sai da ita. Haka taliyar Indomie, wadda yaranmu da yawa suka ɗauka abincin gida ce, alhali daga Indunusiya ta fito. Haka madarar Cowbell, wadda ta shigo a 1993 a 'yan ƙananan leda daidai aljihun mai shayi da ɗan makaranta, a lokacin da sauran ke cikin gwangwani. Babu sihiri a ciki. Sun zauna ne sun karanci mai saye kafin su kawo kaya.

Yanzu bari in zo kan misalin da ya fi ci mini rai a matsayina na ma'aikacin gwamnati. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya, aka kuma tsawaita dakatarwar a 2016. Dalili shi ne an riƙa samun ragowar maganin ƙwari a jikinsa, irin wanda muke kira fiya-fiya, fiye da ƙa'idarsu ta miligiram 0.01 a kowane kilo. Wanda ya zuba maganin a rumbu ko a sito ba mugu ba ne, gudun ƙwari yake yi kada su cinye masa jari. Kuma akwai mafita, domin tun 2007 masana daga Jami'ar Purdue suka fara yaɗa buhun nan mai linki uku da ke toshe iska ya kashe ƙwaro ba da magani ba. To me ya faru? Ƙa'idar tana rubuce cikin Ingilishi da Faransanci a ofisoshin Burasel, mai ajiye waken yana ƙauye yana sauraron rediyo da Hausa, kuma babu wanda ya ɗauki saƙon daga can ya kawo nan ta yadda zai shige shi.

Wannan shi ne babban darasin da na ɗauko, kuma shi nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. Sadarwar kasuwanci hanya ce mai zuwa da dawowa. Bai isa a ce mun iya gaya wa baƙo kyan kayanmu ba, dole mu iya komawa mu gaya wa manomi da dillali da mai sito abin da baƙon yake bukata, da harshensu, ta bakin wanda suka yarda da shi. Baturen da ya karanci wannan fanni ba zai iya zama a rumfar Dawanau ya yi wannan aiki ba. Mu da muka tashi a nan, muka kuma samu ilmin zamani, mu ne a tsakiya. Kundin binciken da na rubuta a kan haka ya tsaya, wato yadda bayanin ƙa'idojin masu saye ke isa ga dillalan riɗi, da inda yake maƙalewa a hanya.

Batun suna ma ana iya ƙwato shi, ba abin da ya gagara ba ne. Habasha ta tsaya kai da fata a kan sunayen gahawarta na Sidamo da Harar da Yirgacheffe, har kamfanin Starbucks ya sa hannu a yarjejeniya da ita a 2007. Maƙwabtanmu na Kamaru sun yi wa masoron Penja rajista a 2013, ta yadda ba mai sayar da wani masoro da wannan suna sai wanda aka noma a yankin bisa ƙa'ida. Me zai hana a yi wa cittar Kachiya ko fatar Sakkwato irin wannan gata? Aikin lauya ne da masanin gona, amma kuma aikin wanda ya san yadda ake gina suna ne.

Kada kuma a ɗauka karatun duk zance ne. Akwai lissafi da doka a ciki. Za a koya maka ƙa'idojin ciniki da Cibiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ta fara fitarwa a 1936, ta kuma sabunta a 2020. Alal misali, idan ka sayar a kan sharaɗin FOB, nauyinka ya sauka da zarar kaya sun hau jirgi a Apapa. Idan CIF ne, kai za ka biya kuɗin jirgi da inshora har tashar mai saye. Harafi uku kawai, amma wanda bai san bambancinsu ba yana iya sa farashin da zai cinye ribarsa har da uwar kuɗi. Za ka koyi takardar lamunin banki, wadda ke sa a biya ka idan takardunka sun dace da sharaɗi, a kuma hana ka idan an sami saɓani ko da na kwanan wata ne. Za ka koyi yadda ake tsara tambayoyin bincike da karanta alƙaluma, da yadda ake talla ta intanet. Sannan ga yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wadda aka ƙulla a Kigali a 2018, Nijeriya ta sa hannu a Yamai a 2019, aka kuma ayyana fara aiki da ita ranar 1 ga Janairu, 2021. Kasuwar duniya ba Turai kaɗai ba ce, har da Akara da Dakar da Nairobi.

Ga masu sha'awar bin wannan hanya, ina da shawarwari kaɗan. A Ingila irin wannan digiri shekara ɗaya ne cur, zango biyu na darasi sannan rubutun kundi, kuma babu lokacin numfashi. A gida yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma wanda digirinsa na farko a wani fanni ne yakan fara da babbar difloma. Jami'ar Bayero tana da tsangayar sadarwa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen nazarin kasuwanci, saboda haka ba dole sai an tsallaka teku ba. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin karatu a waje ya fi ƙarfin albashin ma'aikaci nesa ba kusa ba. Ban ba kowa shawarar ya sayar da gona ko gidan gado don wannan ba. A nemi tallafi. Akwai na Chevening, wanda ke bukatar shekara biyu ta ƙwarewar aiki da alkawarin dawowa gida na shekara biyu bayan gamawa. Akwai na Commonwealth, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Masu iyali su sani cewa daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin masu irin wannan digiri na darasi tafiya da mata da 'ya'ya.

Abokan aikina ma'aikata, a nemi hutun ƙaro ilmi a rubuce, a karɓi amincewa a rubuce, kafin a ɗaga ƙafa. A fara bin takardar sakamakon jarrabawa daga tsohuwar jami'a da wuri, domin ta sha hana mutane gurbi. A gyara Ingilishi kafin jarrabawar IELTS. Mafi muhimmanci kuma, a tafi da tambaya a hannu. Wanda ya je don a ƙara masa haruffa a bayan suna zai dawo da takarda, a ba shi ƙarin mataki, shi ke nan. Wanda ya je yana son sanin dalilin da ya sa ake dawo da kwantenar kayan garinsu, shi zai dawo da abin da zai amfani jama'a.

Daga ƙarshe ina roƙon ƙungiyarmu abu biyu. Na ɗaya, a kafa ɗan ƙaramin kwamiti na waɗanda suka taɓa samun tallafin karatu, su riƙa duba wa ƙannenmu takardun nema kafin su aika. Ni na sa sunana a farko. Na biyu, a cikinmu akwai manoma, akwai 'yan kasuwa, akwai ma'aikatan banki da na kwastan da 'yan jarida. Duk abin da ake bukata don fitar da buhu ɗaya daga ƙauye zuwa ƙetare yana cikin wannan zaure, sai dai ba mu taɓa zama don wannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ware mana rana guda kafin taron baɗi mu zauna a kan haja ɗaya tak, mu ga inda za mu kai ta.

Ga malamanmu kuwa, musamman waɗanda suka matsa mana da rubutun insha'i da taswirar duniya da lissafin riba da faɗuwa, ku sani cewa a kan waɗannan ukun aka ɗora duk abin da na faɗa yau. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai kowa gidansa lafiya.