Rago da turke, jirgi da anka: abin da ke murɗe sarƙa

Daga nan Illela nake magana, bakin iyaka, inda taku kaɗan ya raba mu da Konni. Na san wani zai ce, mutumin Illela ina ruwansa da jirgin ruwa? Ban da tafkin Kalmalo, wane ruwa gare mu? To ai ci-rani ba ya barin mutum a gida. Shekara shida na yi ina yaron jirgi a Yauri, a bakin tafkin Kainji, kuma har yanzu yaranmu suna tafiya can duk rani. Don su nake wannan magana.

Zan yi bayani ne kan anka, wato ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa cikin ruwa ya riƙe jirgi. Mu Sakkwatawa wannan kalma a bakinmu wani abu ce daban, anka zo, anka tafi. Ranar farko da maigidana ya ce mani "ɗauko anka", tsayawa na yi ina jiran ya ƙarasa maganarsa.

Jirginmu na katako ne mai inji a baya, muna ɗaukar mutane da buhuna. Ankarmu tana da sarƙa kamar gaba biyar, daga nan sai doguwar igiya. A goshin jirgin maigida ya sa mai walda ya kafa rola, wani ɗan ƙarfe mai juyawa irin wanda ake ɗora igiyar guga a kansa a rijiya mai zurfi, don kada sarƙa ta ci katako.

Wata rana da farkon damina muna ƙetarawa wajen Rofia, hadari ya taso, sai inji ya mutu. Maigida ya yi tsawa: "Kai ɗan Illela, saki anka!" Na saka. Ta tafi kamar gaba biyu, sai ƙas, ta tsaya. Sarƙa ta dunƙule ta yi ƙulli, ƙullin ya cije a bakin rola. Anka tana reto a tsakiyar ruwa, ba ta kai ƙasa ba, ba ta dawo ba. Iska ta juya jirgin ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa, ruwa ya fara shigowa ta gefe. Mata suna salati, ni kuma ina ta ja kamar mahaukaci, ina ƙara ɗaure ƙullin. Wani dattijo Basarke ne ya rarrafo ya ce, "Yaro, ɗago ta sama, kada ka tura." Muka ɗago anka kaɗan, nauyi ya sauka daga kan ƙullin, ya girgiza shi ya warware. Da anka ta kama ƙasa, jirgi ya juyo da goshinsa ya fuskanci iska, ruwa ya daina shigowa. Farcena ɗaya ya tafi a ranar. Kuma laifina ne, don daren jiya ni na kwashe sarƙar na kife ta a wani lungu don in sami wurin kwanciya.

To me ke murɗe sarƙa? Duk wanda ya taɓa zuwa karar Illela ranar Lahadi ya san amsar. Ka ɗaure rago a turke, ka dawo da yamma, za ka tarar ya zagaye turken har igiya ta cukuikuye ta gajarce. Jirgi a kan anka haka yake. Iska ta canza, ya zaga. Ruwa ya canza, ya zaga. Kowane zagaye ɗaya cikakke, murɗa ɗaya ce ta shiga sarƙa, kuma ba ta fita don kanta muddin anka tana ƙasa. Sai kuma lokacin ɗagowa: anka takan taho tana juyi a cikin ruwa. Igiya mai tufka uku ita ma in nauyi ya ja ta sai ta ɗan warware, in aka sake ta sai ta dunƙule. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ranar da kake buƙatarta da gaggawa.

Amma wallahi a ganina yawancin matsalar ba daga ruwa take ba, daga ajiya take. Ka lura, in kana jawo igiya kana zuba ta yadda ta zo, ɓangaren da ke kusa da anka shi ke zama a sama, kuma shi ne zai fara fita. Tsarin ya riga ya yi daidai. Da ka kife tulin, ko ka ɗauke shi ka jefa wani wuri, na sama ya koma ƙasa, shi ke nan ka haɗa wa kanka tarko. Haka masu naɗe igiya a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, kowane naɗi murɗa suke sa mata. Mu daga baya rabin jarka muka yanka, muka huda gindinta don ruwa ya tsiyaye, muka ɗaure ta a goshi daidai bayan rola. Igiya ta sauka ciki, sarƙa ta hau kai, ba mai ɗora buhu ko ya zauna a wurin. Sarƙa kuma in ta taru ta yi tsini kamar tulin gero, ka baje ta da hannu tun kana ja, don in tsinin ya rushe shi ke binne bakin sarƙar. Manyan jirage masu injin jan sarƙa ma suna fama da wannan a ramin ajiyarsu.

Ita kuma rola, in za ka sa a yi maka, ka ce a yi mata kwari a tsakiya, wanda zoben sarƙa zai kwanta a ciki. Wannan kwarin ke sa sarƙa ta shigo a miƙe. A sa mata kunnuwa biyu masu tsayi a gefe don kada sarƙa ta zame ta faɗa tsakanin rola da ƙarfe, da ƙusa a sama da za ta tokare anka in ana tafiya. In anka ta iso bakin ruwa a kife, kada ka fizge ta ta hau da ƙarfi. Ka dakata, ka bar ta tana reto, nauyinta zai juyo da ita.

Akwai mahaɗi mai juyawa, irin wanda masu kiwo ke sa wa igiyar turke. Yana taimako, amma ni ba na yarda da shi ido rufe. Na dabbobi da ake sayarwa a kasuwa ba zai riƙe jirgi ba. Ko mai ƙarfin ka samu, kada ka haɗa shi kai tsaye da jikin anka, don in jirgi ya ja ta gefe sai ya lanƙwasa shi har ya karye. Ka sa zobe uku ko huɗu na sarƙa a tsakani. Notin da ya haɗa su kuma ka ɗaure shi da waya, don motsin ruwa yana kwance shi.

In murɗa ta riga ta taru, ka je wuri mai zurfi ranar da ruwa ke kwance, ka saki anka ta yi reto ba tare da ta taɓa ƙasa ba, za ka ga tana juyi don kanta har ta tsaya. Sauran igiyar ka shimfiɗa ta a gaɓa ka bi ta da hannu ka warware.

Kainji tana da nata hali. Da aka kammala madatsar a 1968, ruwa ya shanye garuruwa da gonaki da daji, har da tsohuwar Bussa, kuma kututturan itatuwa suna nan a ƙasa. Anka takan sarƙe a cikinsu. Shi ya sa ƙarshen igiya ake ɗaure shi a jirgi yadda wuƙa za ta iya yanke shi nan take, ba da ƙarfe ba. Wasu kuma sukan ɗaura siririyar igiya a gindin anka da 'yar jarka tana yawo a sama, in ta maƙale sai a jawo ta ta baya. Tsawon igiyar da za ka saki ya kai ninki biyar zuwa bakwai na zurfin wurin, in ba haka ba anka za ta yi ta jan ƙasa ne kawai. Kuma daga goshi ake sakinta, ba daga baya inda inji yake ba.

Ga 'yan uwanmu masunta na Kalmalo da ke ɗaura dutse a igiya, ba ku da rola ba ku da sarƙa, amma maganar ajiya ta shafe ku. Ku nemi kwando ko rabin jarka. Wanda zai tafi Yauri bana kuma, ranar da ya fara aiki ya roƙi maigidansa su saki anka sau ɗaya a bakin gaɓa, ya ga yadda take fita da idonsa. Sai mun sake haɗuwa, a gaida gida.