Kalmomin Daji da Katako da Ya Kamata Mu Sani

Jawabi ga manoman ƙauyukan ƙasar Daura

Daga Baure har Mai'aduwa, dukanmu mun ga yadda iska take kwashe ƙasar gona. Yau za mu duba wasu kalmomi, gama wanda ya san sunan abu ya san yadda zai riƙe shi.

Gandun daji fili ne da hukuma ta keɓe. Ba a sara a ciki sai da takardar izini daga malamin daji. Wanda aka kama ba takarda, tara za a ci shi.

Shingen itatuwa kuwa layuka ne na darbejiya ko turare da ake dasawa don su tare iska. Shirin dashen itatuwa na Jihar Katsina, da taimakon ƙasashen Turai, ya kafa irinsu tun daga 1987. A 2007 kuma Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, Katsina tana cikin jihohi 11 da ya shafa.

A kasuwa, gungume shi ne jikin itace kafin a tsaga shi. In zarto ya tsaga shi, ya zama katako. "Tu-bai-fo" yana nufin kauri inci 2, faɗi inci 4. Ku auna kafin ku biya, ku kuma tambaya ko busasshe ne, gama ɗanyen katako yakan lanƙwashe bayan an yi rufi. Azara daga giginya take fitowa, gara ba ta cinta da sauri, amma giginya takan yi shekaru da yawa kafin ta isa sara.

Kalmomi biyu mafi muhimmanci su ne kututture da toho. Mukan ɗauka kututture ya mutu, alhali saiwarsa tana da rai a ƙasa, kowace shekara yana fid da toho. A lokacin sassabe sai mu sare tohon duka, mu ƙone.

A Maradi, tun 1983, Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM da manoman wurin suka bi wata hanya da ake kira sassabin zamani. Ga yadda take: a kowane kututture ka zaɓi toho mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ka sare sauran, ka rage ƙananan rassa, ka tsare shi daga awaki. Ba sayen iri, ba ban ruwa. Gawo ma yakan zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana.

Bana, kafin ka ɗaga gatari, ƙirga kututturan kalgo, sabara da gawo da ke gonarka. Ka bar musu toho.