Wa Ake Yi Wa Dariya A Finafinan Ɓarayi?

 

Yau za mu ɗan taɓa wani abu da ya shigo ɗakunanmu ba sallama, wato finafinan barkwanci na taron ɓarayi, inda wasu mutane ke haɗa kai su yi wa wani attajiri ƙwal. Yaranmu suna kallo suna ƙyalƙyata dariya. To, wa ake yi wa dariyar?

Mu ɗauki wani fim na Amurka mai suna Tower Heist, na shekarar 2011. Ma'aikatan wani dogon bene ne a birnin New York suka damƙa kuɗin fanshonsu ga wani hamshaƙi da ke zaune a hawa na ƙarshe, shi kuwa ya cinye. An yi fim ɗin ne shekara uku bayan kama Bernard Madoff a 2008, wanda ya damfari dubban mutane. Kun ga akwai siyasa ke nan. Fim ɗin yana bayan talaka. Hasali ma, baƙin cikin wani dattijo mai tsaron ƙofa, wanda ajiyarsa ta salwanta, shi ya tunzura sauran suka ɗaura ɗamarar ƙwato haƙƙinsu. Mu 'yan kasuwa mun san zafin cin amana.

Amma ku lura da kyau. Da suka nemi wanda zai koya musu sata, wa suka ɗauko? Baƙar fata, wato Eddie Murphy, har sai da suka yi belinsa daga hannun hukuma. Attajirin da ya cinye miliyoyi yana cikin kwat, shi kuwa baƙi an ba shi rigar ɗan sane. Ashe fim yana iya goyon bayan talaka da hannun dama, ya shafa wa wata al'umma baƙin jini da hagu.

Jama'a, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sau nawa muka ga Bahaushe a finafinan Kudu ya wuce mai gadi, ana ce masa "aboki", yana gyangyaɗi a bakin ƙofa? Gadi sana'a ce ta amana, ba mu raina ta ba. Amma ina fataken goro da na shanu da suka raya Sabo ta Ibadan da Agege? Ina malamanmu da likitocinmu?

Sata dai haramun ce, ko an yi mata ado da dariya. Shawararmu ita ce, mu riƙa zama da yara in suna kallo, mu tambaye su: wa aka nuna da wayo, wa aka mai da wawa? Yaron da ya saba ganin ubansa abin dariya, gobe zai ji kunyar Hausa a makaranta.

Allah Ya kare mana mutuncinmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.