Sunan Yaro Da Yadda Za A Rubuta Shi

Jawabin da aka yi wa taron ƙungiya a Zangon Kumasi

 

Jama'a, in an yi wa mutum haihuwar ɗa namiji, kwana bakwai ɗin nan ba ya zama. Yana neman rago, yana cinikin goro, yana aika wa wanzami. Amma sunan kansa, wanda dominsa a ke wannan ɗawainiya duka, sau da yawa sai da asubar ranar suna a ke raɗa wa liman shi a kunne. Rago kuwa kafin la'asar ya ƙare, suna shi ne yaro zai ɗauka har kabari.

Wajen zaɓe ba ni da dogon bayani, malamai sun riga sun share hanya. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa sunayen da Allah ya fi so su ne Abdullahi da Abdurrahman. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya sa wa ɗansa Ibrahim, ya kuma kan sāke wa mutum suna in ma'anarsa ba kyau. Akwai wani mai suna Haznu, watau ƙasa mai tauri da gargada, ya so ya mai da shi Sahlu, mai sauƙi. Mutumin ya ƙi, wai ba ya sake sunan da ubansa ya sa masa. Jikansa Sa'idu ɗan Musayyabu ya ce taurin nan bai rabu da gidansu ba. To, ku tambayi ma'ana tukuna. Kada kuma a tsaya ga Abdul kurum, don ma'anarsa "bawan", ba a faɗi bawan wa ba.

Inda na ke so mu daɗe shi ne rubutu. Suna ɗaya ne a Larabci, amma da ya shiga boko sai ya yi 'ya'ya. Muhammadu ya zama Mohammed, Mohamed, Muhammed, har Mahama. Marigayi Alhaji Aliu Mahama, Mataimakin Shugaban Ƙasa daga 2001 zuwa 2009, ai Aliyu Muhammadu ke nan. Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin ƙasa a 1993, Osmanu a ke rubuta sunansa. Sa'idu ya zama Seidu, Husaini ya zama Fuseini, Ibrahim ya zama Braimah. Fatakenmu masu ƙetarawa Lome da Wagadugu kuwa sun san Ousmane da Mamadou, don akawun Faransanci haka hannunsa ya saba.

Ni dai ba na faɗa da kowane ɗaya daga cikinsu. Haruffan boko ba su ɗauke da ha mai ruwa ta Muhammadu, ba su da ainin Usmanu, saboda haka duk wanda ya rubuta kwatance ya yi. Laifin shi ne mutum guda ya tara rubutu uku.

Ɗan wana ya gamu da wannan. A takardar asibiti shi Idris ne, malamin makaranta ya rubuta Iddrisu, a fasfo kuma Idrissu. Da ya tashi neman karatu a waje aka ce masa waɗannan mutum uku ne, ya kawo shaidar cewa shi kaɗai ne. Ya yi takardar rantsuwa, ya biya aka buga cikin Gazet ta Gwamnati, kafin abin ya fito an rufe karɓa, shekara ta wuce shi. Kakanninmu da su ke fataucin goro ba wanda ya tambaye su harafi. Yau kuwa, tun 2022 banki ba ya buɗe maka asusu sai da Ghana Card, na'ura kuma ba ta san wai ai duk ɗaya ne ba.

Akwai kuma laƙabi. Uwa tana kunyar sunan ɗan fari, ko an mai da sunan kaka, sai a ce Baba ko Abba. Wani kuwa ranar haihuwa ce ta bi shi, Ɗanjuma ko Ɗanasabe, kamar yadda maƙwabtanmu Tonawa su ke da Kofi da Kwame. Al'ada ce mai kyau, ban hana ba. Amma ran da aka kai yaro makaranta aka tambayi sunansa, goggon da ta raka shi sai ta ce Baba, malami ya rubuta Baba, shi ke nan sunan yanka ya ɓace, ragon nan an yanka wa wanda babu shi a takarda.

Ga abin da na ke roƙo. Daren suna, uba ya zauna da malami da wani mai boko, a rubuta sunan da Larabci, a rubuta da boko a ƙarƙashinsa, tare da sunan uba, a yanke wane ne gaba, wane ne baya. In Abdurrahman ne ko Abdulƙadir, ku haɗa shi kalma guda. In kuka raba, akawu zai ɗauki Rahman ya mai da shi sunan uba, a riƙa kiran yaro da sunan da Allah kaɗai ke da shi. Takardar nan ita za a kai wurin rajistar haihuwa, wadda kyauta ce kafin yaro ya cika wata 12. Kada ku faɗa da baki, ku miƙa a kwafa, ku kuma karanta abin da aka rubuta kafin ku bar ofis.

Wanda ba shi da mai boko a gida, ya zo wurin magatakardan ƙungiya bayan sallar Juma'a, ya rubuta masa.