JAWABI KAN ZUBEWAR GASHI, A TARON ƳAN ƘUNGIYA NA AKOKAN

 

Shugaba ya ce in yi bayani saboda abin da ya faru ga wani yaronmu. An sa masa ranar aure, sai wanzami ya ga wani fili a ƙeyarsa, sumul, faɗin kuɗin ƙarfe na dala ashirin. Magana ta kai gida, aka ce iraniyom ya ci shi, har iyayen yarinya suna neman fasawa.

Ban ce ƙurar ma'adini ba ta da illa ba. Tun da Somair ta fara fid da iraniyom a 1971, da Cominak daga 1978 har rufe ta a 2021, mun san huhu ne ya fi shan wahalarta. Amma wannan ciwo daban ne. Faransawa suna ce masa "pelade", kuma akwai shi a Maradi da Kano da Faransa, inda ba rami ba ƙura. Sojojin jini, masu tsare mu daga cuta, su ne ke kuskure su faɗa wa saiwar gashi. Saiwar ba ta mutuwa, tsayawa take yi.

Ga alamunsa. Wurin a kewaye yake, ba ɓawo, ba ƙuraje, yawanci ba zafi. A gefensa akan ga guntayen gashi masu siririn gindi. Yana fitowa a kai, ko gemu, ko gira. Wani farcensa kan yi ƴan ramuka. Kaɗan ne gashin kai duka, ko na jiki duka, yake zube musu.

Wa yake kamawa? Kamar mutum 2 cikin 100 a tsawon rayuwa, maza da mata daidai. Yawanci yana farawa kafin shekara 40, har da yara. Wani lokaci yana bin dangi, ko ya haɗu da ciwon maƙoƙo.

Kada a haɗa shi da makero. Makero yana da ɓawo da ƙaiƙayi, ya fi kama yara, aska da hula suna yaɗa shi, kuma sai an sha magani. Wannan kuwa ba a ɗaukarsa, ko da kun haɗa matashi.

Idan filin ƙarami ne, da yawa gashinsu yana komowa cikin shekara guda, da fari fari, daga baya ya yi baƙi, ko da yake ciwon yakan dawo. A je likita a tantance. Akwai man shafawa da allurar da ake yi a wurin. Kada a yi tsaga, kada a shafa ruwan batir, domin tabo ne ke kashe saiwa har abada.

Iyayenmu, idan kun rubuta wasiƙa gida, ku faɗa musu yaron nan lafiyarsa lau. Kada a raba aure saboda abin da hula ke rufewa.

Allah ya ba mu lafiya. Wassalamu.